Yadda za ka ɗauki murya irin ta sinti-pop na shekarun 1980 a cikin ɗakinka

Duk wanda ya taɓa sauraron waƙoƙin sinti-pop, wato waɗanda ake kaɗawa da sintisaiza (na'urar da ke ƙirƙirar sauti da lantarki), na ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, waɗanda mafi yawansu daga Ingila da Jamus suka fito, ya san akwai wata murya da ke maƙale wa mutum a kunne. Siririya ce, mai sanyi-sanyi, tana tsaye cak a tsakiyar kiɗa ba kwarkwasa, a bayanta kuma ga wani amo mai sheƙi, sai ka ce a zauren gilashi aka rera. Da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa har yau masu haɗa kiɗa ke komawa neman wannan sautin.

Na daɗe ina zaton sirrin yana cikin na'urori. Na tara fulogin iri-iri, wato ƙananan manhajojin sarrafa sauti, masu kwaikwayon tsofaffin akwatunan situdiyo, na jera su a kan murya, abin da ya fito kuwa muryar zamani ce sanye da tsohuwar riga. Sai daga baya na gano inda gizo ke saƙar. A waɗancan waƙoƙin inji ne ke kiɗa, kuma inji ba ya kuskure ko na ƙiftawar ido. Mai rerawa kuwa ɗan Adam ne da 'yar gargadarsa, wani lokaci ma bai goge ba. A 1980 ƙungiyar Human League ta birnin Sheffield ta ɗauko 'yan mata biyu 'yan makaranta daga wani gidan rawa, ba su taɓa yin waƙa a matsayin sana'a ba, amma muryoyinsu suka zama tambarin ƙungiyar. Wannan tazarar da ke tsakanin inji mai tsantseni da murya mai ɗan rauni ita za ka yi ta kiyayewa, tun daga ɗauka har zuwa haɗawa. In ka goge ta, ko wace na'ura ka ɗora ba za ka iso ba.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa, ko wacce ka saba da ita: Reaper, Cubase, FL Studio, Logic, Ableton Live, duk za su yi. Sai saunkad, akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, mai mashigar makirufo ko da ɗaya, hedifon rufaffe wanda ba ya zubo da kiɗa waje, rariyar da ake sa wa a gaban makirufo don tare iska, da shi makirufon.

Manyan situdiyoyin wancan zamani sun fi amfani da makirufo kwandansa irin su Neumann U87 da AKG C414. Idan kana da kwandansa mai sauƙi, kuma ɗakinka shiru ne, yi amfani da shi, ka tuna ka kunna masa wutar 48V daga saunkad. Idan ɗakin yana da amo ko hayaniya, makirufo dainamik kamar Shure SM58 ya fi rufin asiri, domin ana rera masa ne a kusa, bangon ɗaki ba ya samun shiga sosai. Kada ƙarancin kaya ya sare maka gwiwa. Kundin da ya fito da Eurythmics duniya a 1983, mafi yawansa a wani ɗakin saman bene a unguwar Chalk Farm ta Landan aka ɗauke shi, a kan na'urar tef mai layi 8 kacal.

Mataki na farko: kashe ɗakin

Amon da kake ji a bayan muryoyin nan daga na'ura ya fito, ba daga bango ba. Saboda haka muryar da za ka ɗauka busasshiya ake so, ba ta ɗauke da sautin ɗakinka. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani siririn amo yana karakaina tsakanin bango biyu, akwai aiki.

Rataya bargo mai kauri a bayan mai rerawa, domin makirufo shi yake kallo, duk abin da bangon bayansa ya dawo da shi kai tsaye cikin makirufon zai faɗa. Mutane da yawa suna kewaye bayan makirufo su bar bayan mawaƙi a buɗe, sun yi tufka ta baya ke nan. Ƙara wani bargon a gefe, shimfiɗa darduma mai kauri a ƙasa idan daɓen siminti ne ko tayil. Guji kusurwa, kuma kada ka shige cikin ƙaramin kabad na kaya ka rufe ƙofa: muryar za ta fito a toshe, kamar an kifa mata kwali. Kashe fanka da duk abin da ke gunji, ka nisantar da makirufo daga kwamfutar.

Mataki na biyu: rerawa, inda rabin aikin yake

A nan za ka fi daɗewa. Salon yana son mawaƙi ya kame kansa. Ba a jan harafi ana hawa da sauka da shi, ba a karkarwar murya a ƙarshen kowane layi. Ana kama sauti ne a riƙe shi miƙe kamar zare, a yanke shi a kan bugun kiɗa. Ka ce wa mai rerawa ya yi kamar yana ba da labarin wani abin baƙin ciki da ya daɗe da wucewa, ya riga ya gama kukansa, yanzu faɗa kawai yake yi. Motsin zuciyar yana nan, amma a danne.

Zaɓi ki ɗin waƙar, wato matakin tsayin da za a rera ta a kai, da wannan a ranka. Yawancin mazan da suka yi suna a salon a tsakiyar muryarsu suke zama, kusa da inda suke magana, sai a amshi su ɗan ɗaga. Idan mawaƙinka yana ta ƙoƙarin kamo sama har jijiyar wuya na fitowa, sauke ki da mataki ɗaya ko biyu tun kafin a fara. Akwai mata da maza na wancan zamani masu manyan muryoyi, masu ƙarfi da zurfi, amma ko su za ka ji suna furta kowane harafi tsaf, suna sauka daidai kan bugu.

Furuci yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Gangar inji tana bugawa a ƙa'ide, don haka baƙaƙen haruffa su ma sai su zama kamar ƙananan ganguna. Harafin da ya makara da ɗan kaɗan zai fito fili. Sa mawaƙi ya karanta baitin da baki kawai a kan kiɗan, ba rerawa, sau biyu ko uku, har sai kalmomin sun zauna a gurbinsu. Daga nan a ɗora karin.

Tazara tsakanin baki da makirufo kwandansa ta kai santimita 20 zuwa 30. Muryar zamani ana ɗaukarta ne dab da makirufo, ana jin numfashi da motsin leɓe, ga kauri a ƙasa saboda kusanci. Wannan kusancin shi ne abu na farko da ke tona asirin cewa ɗaukar ta yau ce. Ja da baya kaɗan, muryar za ta sirance da kanta. In dainamik ne, santimita 8 zuwa 10 ya isa. Karkatar da makirufon kaɗan daga saitin baki don iskar b da f ta wuce ta gefe.

Wani abin da ke taimakawa: sa wa mawaƙi ɗan amo a hedifon ɗinsa yayin ɗauka, ba tare da ka naɗe amon a cikin muryar ba. Mutum in ya ji muryarsa a cikin fili mai faɗi yakan daina tursasa ta.

Mataki na uku: saitin ɗauka

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗauki a bit 24, 44.1 ko 48 kHz. Murɗa ƙarfin mashiga har inda mawaƙi ya fi ɗaga murya ya tsaya wajajen -10 dB, kada ya kusanci sifili. Rage bafa, wato adadin guntayen sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, zuwa 128 ko 64 domin kada ya riƙa jin muryarsa a makare. 128 a kan 48 kHz bai kai milisakan 3 ba. Ɗauki waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau huɗu ko biyar maimakon layi-layi, ka zaɓi mafi kyau, ka cike gurbin da ya lalace daga sauran. Su ma na da haka suke yi, domin layukan tef a ƙidaye suke, 24 a babban situdiyo, kuma ganguna da sintisaiza sun riga sun cinye mafi yawa.

Mataki na huɗu: ninka murya

In an ce ka zaɓi dabara ɗaya tak daga cikin wannan jagorar, wannan ce. Mawaƙi ya sake rera abin da ya rera, kalma da kalma, numfashi da numfashi, a kan sabon layi. Idan aka haɗa biyun, 'yan bambance-bambancen da ke tsakaninsu na lokaci da na karin sauti su ke haifar da wannan kaurin mai sheƙi, wanda ke sa muryar ta zama kamar ta mutum kuma kamar ba ta mutum ba.

Akwai gajeriyar hanya da ke jan hankalin kowa, ni ma ta taɓa ja na. Wani dare mun gaji, yaron da nake ɗauka muryarsa ta fara dishewa, sai na ce ya je ya huta, zan ƙarasa. Na kwafi layin muryarsa, na manna a ƙasa, na ɗan tura shi gaba kaɗan, na jefa ɗaya hagu ɗaya dama. A hedifon abin ya yi faɗi gwanin sha'awa, na tura masa. Da safe ya kira ni: "Yaya, me ya sami muryata? Na saurara a waya, kamar daga cikin bututu nake waƙa." Gaskiyarsa. Lasifikar waya ta haɗe hagu da dama wuri guda, kwafin biyu suka riƙa cin juna. Idan sauti ya haɗu da kwafinsa da ya makara da milisakan 1, ana rasa 500 Hz, da 1,500, da 2,500, haka dai zuwa sama, kamar haƙoran mataji. Ranar muka sake ɗaukar ninkin na gaskiya, minti 20 ya ɗauke mu.

Ga yadda nake tsarawa. A baiti: babbar murya a tsakiya, ninki ɗaya shi ma a tsakiya, amma ƙasa da ita da dB 8 zuwa 12, ana jin tasirinsa ba a jin shi kansa. A amshi: ninki biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, a ɗaga su su kusanci babbar. Idan kana son amshin ya buɗe sosai, ƙara wani layi da aka rera oktaf ɗaya a ƙasa (wato kari ɗaya amma a murya mai zurfi), ko muryar mace oktaf ɗaya a sama. Haɗa namiji da mace suna rera kari ɗaya a oktaf daban yana cikin alamomin salon, kuma ya fi sauƙi a kan tsara muryoyi uku masu jituwa.

Wajen daidaita ninki, ka kula da ƙarshen kalmomi. Idan babbar murya ta rufe "s" ɗinta, ninkin ya rufe nasa bayan ɗan lokaci, za a ji "s-s". Ko dai ka matsar da shi da hannu, ko ka ce wa mawaƙi ya haɗiye haruffan ƙarshe a ninki, ya bar wa babbar murya su. Amma kada ka daidaita komai har su zama tagwaye sak. Ɗan saɓanin nan shi ake nema.

Mataki na biyar: janye hannunka daga gyaran kari

Auto-Tune sai a 1997 ya fito. Kafin nan, in mawaƙi ya kauce, sake rerawa yake yi, in kaucewar kaɗan ce a bar ta. Saboda haka kada ka ɗora mai gyaran kari a kan layin gaba ɗaya. In akwai sauti ɗaya ko biyu da suka yi mummunar kaucewa kuma babu madadinsu a sauran ɗaukar, gyara su kaɗai da hannu, kuma kada ka kai su tsakiya cif. Ninki kuwa kada ka taɓa shi sam. Da zarar ka gyara babbar murya da ninkinta zuwa wuri guda, sheƙin ya tafi, garin neman gira an rasa ido.

Mataki na shida: sassaƙa da dannewa

Da ikwalaiza, mai ragewa ko ɗaga wani sashe na sauti, yanke duk abin da ke ƙasa da 100 Hz a muryar namiji, 130 zuwa 150 a ta mace. Wurin na bas ɗin sintisaiza ne. Rage dB 2 ko 3 a tsakanin 250 da 400 Hz idan akwai toshewa. Ɗaga kaɗan a tsakanin 3 da 5 kHz domin kalmomi su fito. A sama can, wajajen 10 kHz, ɗan ƙari ya halatta, amma kada ka buɗe wannan iskar ta 16 kHz da ake yayi yanzu. Muryoyin wancan lokaci suna da kaifi a tsakiya, ba su da wannan hucin na sama. Ninki kuma yanke shi fiye da haka, ƙasa da 200 Hz da sama da 8 kHz, domin ya ɓuya a bayan babbar.

Kafin ka sa kwamfuresa, mai danne wuraren da murya ta yi ƙarfi, bi layin da hannu ka ɗaga kalmomin da suka nutse, ka sauke waɗanda suka yi tsalle. Sannan ka sa kwamfuresa mai saurin kamu, irin masu kwaikwayon UREI 1176, a kan 4:1, tana danne dB 3 zuwa 6 a wuraren ƙarfi. In kana so, bi ta da mai laushi irin LA-2A tana cin dB 2. Ya isa. Muryar da aka matse har ba ta numfashi ta wannan zamanin ce.

Sai mai rage kaifin "s". Nemo inda s da sh da ts suke sara, galibi tsakanin 5 da 8 kHz, ka rage har su daina huda kunne, ba har mawaƙi ya koma mai tsamin baki ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a nan, domin amon da za mu ƙara nan gaba yana kama kowace "s" ya watsa ta kamar an zuba ruwa a mai mai zafi.

Mataki na bakwai: faɗaɗawa

Daga nan zuwa ƙarshe, kada ka ɗora komai kai tsaye a kan layin murya. Buɗe layukan aike daban, kowane da na'urarsa, ka riƙa tura musu murya gwargwadon buƙata. A situdiyon da, akwatin amo ɗaya ko biyu ne kawai, kowa daga cikinsa yake sha: murya, ganga, sintisaiza. Shi ya sa waƙoƙin suke jin kamar a wuri ɗaya aka yi komai.

Layin aike na farko na faɗi ne. Eventide ta fitar da H910 a 1975, na'urar da ke iya ɗaga ko sauke karin sauti, injiniyoyi kuma suka gano cewa ɗan gusawa kaɗan yana yi wa murya kwarjini. Ga yadda za ka kwaikwaya da duk mai sauya kari da ke cikin manhajarka: ɓangaren hagu ɗaga shi da sent 7 zuwa 9, ka jinkirta shi da milisakan 15, na dama sauke shi da sent 7 zuwa 9, jinkiri milisakan 25. Sent 100 ne rabin mataki, ka ga gusawar ƙanƙanuwa ce. Wannan ya bambanta da kuskuren da na ba da labari, domin karin ya sauya, don haka cin junan ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma babbar murya tana nan a tsakiya ba a taɓa ta ba.

Ko kuma ka sa koras, na'urar da ke sa murya ɗaya ta zama kamar da yawa. Roland Dimension D na 1979 shi ne abin koyi, domin yana faɗaɗawa ba tare da an ji murya na lilo ba. TAL-Chorus-LX, wanda ke kwaikwayon koras ɗin Juno-60, yana yin aikin, sai dai yana da nauyin hannu, kaɗan za ka tura masa. Ɗaga layin har ka fara jin sa, sannan ka sauke kaɗan. Zaɓi ɗaya cikin biyun. Haɗa su duka a kan muryar da aka riga aka ninka yana mai da ita kamar ana waƙa a ƙarƙashin ruwa.

Mataki na takwas: amon ɗaki

Shi masu situdiyo ke kira ribab, kuma shi ne rigar da aka fi gane zamanin da ita. Iri uku ne za su yi maka amfani.

Na farko amon faranti. EMT 140, wanda ya fito a Jamus a 1957, wani ƙaton falan ƙarfe ne da aka rataye a cikin akwati, ana girgiza shi da sauti ana ɗaukar amonsa. Yana da santsi da haske, kuma bai daina aiki a situdiyoyi ba har cikin shekarun 1980. Kusan kowace manhaja tana da irinsa. Fara da tsawon sakan 1.8 zuwa 2.2.

Na biyu amon dijital na farko-farko, wanda Lexicon 224 na 1978 ya yi wa fice. Abin lura game da shi: sautinsa bai wuce wajajen 8 kHz ba, kuma jelar amon tana ɗan yin lilo a hankali. Don haka in kana kwaikwayonsa da ribab na zamani, yanke sama daga 8 kHz, ka kunna ɗan lilon da ke cikinsa. Valhalla VintageVerb yana da saitin launin shekarun 1970 da na 1980 saboda wannan dalilin. Sakan 2.5 zuwa 3 ya dace da waƙa mai tafiyar hawainiya. Mai sauri kuwa gajarta shi, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Na uku shi ne amo mai yankewa. An fi saninsa a kan ganguna, dabarar da ta yi suna daga situdiyon Townhouse na Landan wajajen 1980, daga baya na'urar AMS RMX16 ta zo da irinsa a shirye cikin saitin da ake kira Nonlin. Amo ne mai kauri da ke tashi nan take, ya tsaya kamar sulusin sakan, ya ɗauke ɗif kamar an rufe ƙofa. A kan murya kaɗan ake sawa, yana ba ta jiki ba tare da ya cika fili ba. In ba ka da mai irin wannan saitin, haɗa da kanka: sa ribab mai tsawon sakan 2 a layin aike, bi shi da get, mai buɗe wa sauti hanya ya rufe kamar ƙofa, ka sa busasshiyar muryar ta zama ita ke buɗe get ɗin. Riƙewa milisakan 250, sakewa milisakan 50 ko ƙasa. Muddin mawaƙi na rerawa amon na nan, yana yin shiru amon ya ɗauke.

Ko wane ka zaɓa, abu biyu ba a tsallake su. Ɗaya, jinkirin farko: bar tazarar milisakan 40 zuwa 80 tsakanin murya da tashin amonta, domin kalma ta fita sarai kafin amo ya biyo ta. Da wannan ne za ka iya zuba amo mai yawa, yadda suke yi, ba tare da muryar ta nutse ba. Biyu, sa ikwalaiza a gaban ribab ɗin ka yanke ƙasa da 500 ko 600 Hz, in ba haka ba amon zai haɗu da bas su zama laka.

Nawa za a zuba? Fiye da yadda kunnenka na yau zai yarda da farko. Na saba ɗaga shi har in ji ya yi yawa, in tashi in sha iska minti biyar, in dawo. Sau da yawa sai in tarar daidai ne. Amma a baiti sauke shi da dB 2 ko 3, ka sake shi a amshi. Tura ɗan ƙaramin kaso na gangar tsakiya da na sintisaiza cikin wannan amon dai, su zama 'yan ɗaki ɗaya da muryar.

Mataki na tara: amsa-kuwwa

Lissafinta mai sauƙi ne: raba 60,000 da saurin waƙar. A bugu 120 cikin minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne, rabinsa 250, kashi uku cikin huɗunsa 375. Wannan na ƙarshen yana sa kuwwar ta riƙa faɗowa a tsakanin bugu, tana rawa da kiɗan. Maimaitawa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ka yanke samanta daga 3 ko 4 kHz domin kowace dawowa ta fi ta gabanta duhu, yadda Roland RE-201 mai tef, na 1974, yake yi. Tura kaɗan daga kuwwar cikin ribab.

Kada ka bar ta a buɗe ko'ina. Zaɓi kalmar ƙarshe ta wasu layuka, inda akwai sarari bayanta, ka ɗaga aiken a kan wannan kalmar kaɗai. Da hannu injiniyoyin wancan zamani suke yi, suna murɗawa su mayar yayin da tef ke tafiya.

Kayan ƙawa, ga mai so

Tef: sa fulogin mai kwaikwayonsa a kan layin da ya tara muryoyin duka, gudun inci 15 a sakan, ka ɗan tura shi har kaifin ya yi laushi. Kada ka cika lilon sauti da ƙarar "shuu" irin ta tef. Situdiyoyin nan kuɗi suke kashewa don kawar da su. Akwai kuma tsohuwar dabarar sauya gudu: rage saurin waƙar da kashi 3 cikin ɗari tare da barin karinta ya sauka, a rera a haka, sannan a mayar. Muryar za ta ɗaga da kusan sent 50, ta ƙara haske da ƙuruciya. Ta fi daɗi a kan ninki.

Bokoda, na'urar da ke sa sintisaiza ta yi magana: Homer Dudley ne ya ƙirƙiro ta a Bell Labs cikin shekarun 1930 don harkar tarho, Kraftwerk na Jamus suka mai da ita muryar mutum-mutumi, sannan Korg VC-10 a 1978 da Roland VP-330 a 1979 suka kawo ta hannun mawaƙa da yawa. Murya ke ba da siffar kalma, sintisaiza ke ba da kari. Ba ta sauti mai yalwa irin na haƙoran zarto, ka zuba ɗan "shuu" a ciki domin baƙaƙe su fito, ka tsaya a zango 10 zuwa 20 na sassan da take raba sauti, domin masu yawa sun cika tsabta. TAL-Vocoder ya wadatar. In da Hausa ake rerawa, ka tuna hawa da saukar murya na rarrabe ma'ana, bokoda kuwa daga maɓallin da ka danna take karɓar nata: a kan maɓalli ɗaya, wuyan jiki da wuyar sha'ani duk ɗaya za su fito. Bi karin kalmomin da yatsunka, ko ka ajiye bokodar a ƙarƙashin muryar gaskiya, ƙasa da ita da dB 12 zuwa 15.

Samfila, na'urar da ke naɗe guntun sauti a buga shi a kan maɓallai: Fairlight CMI na 1979 da Emulator II na 1984 duk bit 8 ne, shi ya sa guntayen muryoyin da ake bugawa a kansu suke da tsatsa. Yanko gaɓa ɗaya daga amshi, rage ta zuwa bit 8 ko 12, ɗora ta a kan maɓallai, ka kashe duk wani saitin da ke riƙe tsawonta. In ka hau sama ta gajarce ta sirance, in ka sauka ta yi tsawo ta yi kauri. Wannan aibin shi ne sautin. Sau ɗaya ko biyu a waƙa ya isa.

Zaunar da murya cikin kiɗa

Sauke muryar ta shiga cikin kiɗan, kada ta hau kansa yadda ake yi yanzu. In kalmomi sun fara ɓacewa, kafin ka ɗaga murya duba sintisaizar da ke shimfiɗe a baya: rage mata dB 2 ko 3 tsakanin 2 da 4 kHz, ko ka sauke ta oktaf ɗaya a lokacin baiti. Galibi ita ce ke tare hanya.

Daga nan danna mono, wanda ke haɗe hagu da dama wuri guda, ka saurara a ƙaramar lasifika, da sauti ƙasa-ƙasa. Idan muryar ta rame ko ta koma bututu, layin faɗi ne ya yi yawa, sauke shi. Idan kalmomi sun dulmuye, ƙara jinkirin farko na ribab da milisakan 20 kafin ka rage amon kansa. Sannan ɗauko waƙa ɗaya ta tsakanin 1981 da 1985 da kake so, sa ta a layi na daban, ka sauke ko ka ɗaga ta har ƙarfinta ya yi daidai da naka, ka riƙa sauyawa tsakaninsu duk bayan sakan 10. Abu uku kawai za ka kwatanta: kaurin ƙasan muryar, tsawon jelar amo, da yadda muryar ta nutse ko ta fito. Wanda ya fi nisa a cikinsu shi za ka fara komawa ka gyara.